Hawa matakala da dogon babur: wa ya taɓa yi?

Ɗan_Tudu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar. Wata biyu ke nan da na sayi Honda XR150L na hannu, irin dogon nan da ke bin titi ya kuma shiga daji. Gidan da nake haya a Jos a kan tudu yake, kafin ka kai ƙofa sai ka taka matakala 6 ta siminti. Tun da na saye shi a gidan maƙwabci yake kwana, yanzu shi ma ya sayi mota, ya fara yi mini gyaran murya. Barinsa a waje kuwa, kun san zancen. Jiya na gwada hawa da shi, tayar gaba ta haye uku ko huɗu, ta baya na dukan matakin farko sai inji ya mutu, muka dawo da baya da baya. Allah ya sa ƙanena na tsaye ya tare. A bidiyo ina ganin Turawa suna haye bene guda kamar wasa. Mene ne sirrin? Giya ta nawa? A zaune ko a tsaye?

Acaba_Tun_99: Wa'alaikumus salam. Ka ja baya sosai, ka taho a guje, ka murza masa wuta. Ƙarfi ne kawai ya yi maka kaɗan.

Baban_Khalifa: Subhanallahi. Malam @Acaba_Tun_99, so kake ya shiga falon mutane ta taga? Ɗan'uwa @Ɗan_Tudu, kafin kowa ya koya maka komai, ka fara ba mu amsa: in ka gama matakalar, filin da ke sama kafin ƙofa nawa ne tsawonsa? Ƙofar ciki take buɗewa ko waje? Akwai ƙarfen dafawa a gefe, ko wayam ne?

Ɗan_Tudu: Baba, na je na auna. Filin sama mita 1 da rabi ne. Ƙofar ƙarfe ce, ciki take buɗewa. Hagu bango ne, dama babu komai, sai ramin kwata a ƙasa. Kowane mataki tsayinsa santimita 17, faɗin wurin taka ƙafa 30.

Baban_Khalifa: To ka ga abin da nake gudu. Babur ɗinka ya haura mita 2 a tsawo. Ke nan lokacin da tayar baya za ta gama hawa, ta gaba ta riga ta shige ƙofa. Hawan ba shi ne wahalar ba, tsayawar ce. Dole ƙofa ta kasance a wangale, a tokare ta da dutse, babu yaro a zauren, kuma ka tabbata hannun babur, wanda ya kai kusan santimita 80, zai wuce ba tare da ka daki yatsunka a jikin ƙarfe ba.

Mahayin_Kufena: Bari in yi bayani dalla-dalla, don na ɗan jima ina wannan wasan a duwatsun wajen Zariya, na kuma faɗi iya faɗuwa kafin in gane.

Abin da ya kashe maka inji jiya ba rashin ƙarfi ba ne. Tsoro ne. Kusan kowa haka yake yi a karon farko: tayar gaba na fara hawa, kan babur ya ɗaga, sai gabanka ya faɗi, hannunka ya saki wuta ba ka sani ba. A daidai lokacin kuma tayar baya, wadda ita ce mai turawa, take isowa matakin farko. Ta zo tana neman wuta ka janye mata. Me kake so ta yi?

A tsaye ake hawa, ƙafafu a kan matakan ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu a buɗe. In ka zauna, duk dukan da taya ta sha sai ya biyo ta ƙugunka ya cilla ka sama, hannunka ya fizgi wuta. In kana tsaye, ƙafafunka ne ke shanye dukan, babur na rawa a ƙarƙashinka kai kana nan daram. Ƙirjinka ya matso saman hannun babur, amma kada ka kwanta a kansa har baya ya yi sakayau, domin tayar baya na bukatar nauyi kafin ta kama siminti.

Giya ta ɗaya, a irin babur ɗinka. Ka fuskanci matakalar kai tsaye, ba a karkace ba. Gudun da za ka taho da shi kamar na mutum mai sassarfa, ba fiye da haka ba. Saura taku ɗaya ka kai, ka danna nauyinka ƙasa shoka ta nutse, tana tasowa ka ɗan ƙara wuta, tayar gaba za ta yi sauƙi ta hau matakin farko ba tare da ta doke shi da ƙarfi ba. Daga nan wutar da ka riƙe ita za ka riƙe, ba ƙari ba ragi, har tayar baya ta haye ta ƙarshe. Yatsa ɗaya ko biyu a kan kuloci. Ka ji inji zai shaƙe, ka ɗan ja kuloci ya numfasa, ka sake a hankali. Ka ji zai ƙwace, nan ma kuloci, ba birki ba.

Idonka kuma a kan inda za ka tsaya. Wanda ya kalli kwata, kwata zai tafi.

Acaba_Tun_99: Duk wannan dogon karatun don matakala 6? Mu da muka yi acaba a Kano kafin a hana a 2013, da buhun masara biyu muke hawa dakali, babu wanda ya koya mana wata nutsewar shoka.

Mahayin_Kufena: Yaya, ba na raina gwanintarku, wallahi ɗan acaba ya fi da yawa cikinmu iya sarrafa babur a cunkoso. Amma dakali mataki ɗaya ne. Ka doke shi, ka haye, magana ta ƙare. Matakala duka ne a jere, kowane duka yana rage maka gudu, kuma babur a miƙe yake sama duk tsawon lokacin. Ba ɗaya ba ne.

Injiniya_Gobe: Ni ɗalibi ne, ban kai ku hawa ba, amma lissafin da Malam Ɗan_Tudu ya kawo ya ba ni sha'awa. Tsayi 17 da faɗi 30 na nufin gangaren ya kusa digiri 30. Mataki 6 kuma tsayinsu duka mita 1 da 'yan kai. Tsakanin tayarsa ta gaba da ta baya bai kai mita 1 da rabi ba, shi ya sa ta baya ta iso matakin farko lokacin da ta gaba ke wajen na huɗu, kamar yadda ya faɗa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, babbar taya ba ta shiga cikin kowane mataki ta fito. Bakin matakan kawai take takawa, daga wannan zuwa wancan. Don haka in akwai ɗan gudu, matakala kusan tudu ne mai gargada. Mataki na farko ne kaɗai yake zama kamar bango, saboda daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka zo masa. Kuma da yake tayarsa ta gaba inci 21 ce, abin zai zo masa da sauƙi.

Bakanike_Sabon_Gari: Gyara kaɗan, ɗalibi. XR150L tayar gabansa 19 ce, ta baya 17. Masu 21 da 18 su ne irin su Yamaha XTZ125 da DT da Honda CRF. Sauran bayaninka daidai ne. 19 ɗin ma ta wadatar, ta fi 17 ta Boxer nesa ba kusa ba.

Abin da ni zan ƙara shi ne gindin inji. A ƙarshen matakala, tayar gaba ta sauka a fili, ta baya tana ƙasa, bakin matakin ƙarshe yana tsakiyarsu, daidai ƙarƙashin inji. Dogon babur yana da rata mai kyau daga ƙasa, shi ya sa yake wucewa, amma in kana zaune kuma shokar baya ta gaji, ratar tana raguwa. Na sha walda gindin injin da aka fasa a irin wannan wuri, baƙin mai ya tsiyaye tas. Ka sa a yi maka farantin ƙarfe a ƙasan injin. Ka duba kaca kuma, in ta yi sako-sako za ta iya zamewa a tsakiyar hawa, in ta yi tauri da yawa ita ma matsala ce idan shoka ta nutse.

Injiniya_Gobe: Na gode Oga, na karɓi gyara.

MaiFaci_Tashar_Kuka: Ni ta ɓangarena zan yi magana. Yawancinku kuna zuwa ku ce a cika taya ta yi tauri kamar dutse, har 35 ko 40 a geji. Irin wannan tayar in ta doki bakin siminti tsalle take kamar ƙwallo, ba ta kamawa. A rage mata ta koma wajen 18 zuwa 20, za ka ji bambanci. Amma kada a zarce. In ta yi laushi da yawa, bakin matakala zai matse tib a jikin rim, ya huda shi wuri biyu a jere, kamar saran maciji. Duk wanda ya kawo mini tib mai irin wannan hujin, ba na tambayarsa, na san dutse ko dakali ya doka. Rim ma yana lanƙwashewa.

Hajiyar_Gida: Ku gafarce ni, ni ba mahayiya ba ce, asusun nan don ɗana na buɗe shi in riƙa ganin abin da kuke koya musu. Tambayata ɗaya ce: mai gidan ya sani? Ni ina da gidan haya, kuma na san kuɗin da na kashe a kan matakala. Bakin siminti guntulewa yake. Wata shida kana dukansa da taya safe da yamma, sai ya koma kamar haƙoran tsohuwa. Sannan a gidan haya akwai yaran mutane. Yaro ba ya sallama kafin ya fito zaure a guje.

Ɗan_Tudu: Hajiya, gaskiyarki. Ban gaya masa ba tukuna. Yara kuma akwai su, har huɗu.

Kafinta_Bukuru: Ni duk na rasa abin da ya kawo wahalar nan. Katako ɗaya mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12 yake zuwa, ka yanke abin da ya ishe ka. A buga masa 'yan guntaye a ƙasa yadda zai kama bakin mataki ba zai zame ba. Ka shimfiɗa, ka tayar da inji, ka sa giya ta ɗaya, kai kana tafiya a ƙasa a gefen hagu kana taka matakala, hannun hagu na sakin kuloci kaɗan kaɗan, yatsan dama a kan birkin gaba. Inji ya ja kansa, kai rakiya kawai kake yi. Ka gama ka jingine katakonka a zaure. Ko ka roƙi mai gida a zuba siririn siminti a tsakiyar matakalar, kamar yadda masu shaguna ke yi. Rabin buhu ya isa.

Acaba_Tun_99: Mutum ya sayi babur ɗin daji sannan ya riƙa rakiyarsa a ƙasa kamar akuya? Haba.

Kafinta_Bukuru: Akuyar da ta kwana a gida ta fi ingarman da ya kwana a asibiti.

Agadas_Moto: Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan ambiriyaj muke ce wa abin da kuke kira kuloci, sai da na karanta sau biyu na gane. Na ga ana maganar bidiyon Turawa. Ku lura da irin mashin ɗin da suke hawa. Toni Bou, ɗan Sifen ɗin nan da ke lashe gasar duniya ta hawan duwatsu da mashin tun 2007, mashin ɗinsa ko wurin zama babu, nauyinsa wajen kilo 70 ne. Naka, Malam Ɗan_Tudu, ya kusa 130. In ya karkata a tsakiyar matakala, ƙafa ɗaya ba za ta tare shi ba, balle ƙafar da ke ɓangaren gangare, wadda ba za ta ma sami ƙasa ba.

Mahayin_Kufena: Haka ne. Amma akwai Pol Tarrés, shi ma ɗan Sifen, da yake irin wannan aikin da Ténéré 700, mai nauyin sama da kilo 200. Sai dai shi ma a kan ƙaramin ya girma tun yana yaro. Masu gasar Romaniacs a birnin Sibiu na Romaniya kuma, ranar farko a cikin gari ake shirya musu gungume da duwatsu da tayoyi, an tare hanya, ga masu agaji a tsaye, ga sulke tun daga kai har ƙafa. Bidiyon ba ya nuna maka sau nawa suka faɗi a wurin koyo.

Agadas_Moto: Ka ambaci Ténéré, ka taɓo mu. Sunan hamadarmu ne Yamaha suka ɗauka, tun 1983 da suka fitar da XT600Z, saboda tseren Paris-Dakar da ke ratsowa ta nan a wancan lokacin. Iyayenmu sun ga wucewarsu ta Agadas da idonsu. Abin dariya, mashin mai sunan ƙasarmu, amma mu DT da 'yan China muke shiga rairayin da su. Kuma rairayi akasin matakala ne: a can nauyi baya kake mayarwa ka buɗe wuta, in ka matso gaba tayar gaba ta nutse ka ci ƙasa.

Ɗan_Dala: Tunda abin ya zama haka, mu haɗu ranar Asabar a gwada a matakalar Dutsen Dala, a ga namiji.

Baban_Khalifa: Ko da wasa kada ka sake faɗin haka, yaro, wani zai ɗauka da gaske. Dala wurin tarihi ne tun zamanin Barbushe, mutane ke hawa da ƙafa, har da yara da baƙi. Matakalar da jama'a ke bi ba filin wasan kowa ba ce.

Ummu_Sadiq: Allah ya saka da alheri Baba. Ni wannan ne ma ya sa na shigo. Bara a kan gadar masu tafiya a ƙasa, ina riƙe da hannun mahaifiyata muna saukowa, wani ya taho da babur ta matakala don ya guje wa zagaye. Tsohuwa ta firgita ta zauna daɓas, ƙugunta har yau bai koma daidai ba. Ko waiwaye bai yi ba. Ku koyi abinku, amma ku bar mana gadojinmu.

Ɗan_Dala: Allah ya ba Mama lafiya. Wasa nake, na janye.

Tsohon_Malamin_Gona: An yi ta faɗin yadda ake hawa, ba wanda ya faɗi abin yi in an kasa, alhali nan ne ake karyewa. Na yi shekaru ina yawon ƙauyuka da Yamaha AG a bakin aiki, na hau gaɓar rafi ba adadi, dokar ɗaya ce da ta matakala.

In inji ya mutu kana tsakiya, kada ka ja kuloci. Na maimaita, kada ka ja. Hannu da kansa yake kai wa can, kuma da ka ja, ka saki tayar baya, babur ya tafi da baya. In ka bar shi a giya, injin da ya mutu shi ne birkinka mafi ƙarfi. Birkin gaba shi kaɗai ba ya riƙewa a gangare irin wannan, domin nauyi ya koma baya, tayar gaba jan ƙasa kawai za ta yi. Ka kama shi duk da haka, ka karkatar da babur wajen bango, ka sauka ta wannan gefen. A wurinka bangon yana hagu, ka yi sa'a. Sannan ka sauko da shi mataki ɗaya ɗaya, kana ɗan jan kuloci kana saki. In kuwa ya riga ya ƙwace, ka rabu da shi. Ana sayar da madubi da fitila a kasuwa. Ni na ƙi sakin nawa a wata gaɓa, ya kwanta mini a ƙafa, salansa ta gasa mini ƙwauri, tabon na nan shekara 20 da wani abu.

Kuma wanda zai tare maka kada ya tsaya a bayan babur kamar yadda ƙanenka ya yi jiya. A gefe ake tsayawa.

Ɗan_Tudu: Baba, wallahi kamar kana wurin. Kuloci na ja jiya, shi ya sa muka taho.

Mahayin_Kufena: Malam ya faɗi abin da na manta. In ƙara da wannan: kada matakalar gidanku ta zama wurin koyonka. Ka nemi gungume ko bakin kwalbati a fili, ka hau sau 50 a tsaye har ɗaga tayar gaba ya zama ba ka tunaninsa. Sannan ka koyi tafiya a hankali a tsaye da kuloci, kamar mai bin gawa, ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba. Sannan mataki biyu, sannan uku. Hular kwano, takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu. Ba silifa ba. Kuma in an yi ruwa, ka manta da zancen. Simintin Jos da damina gansakuka yake yi, tayil kuwa ko a bushe ban yarda da shi ba.

Bakanike_Sabon_Gari: Masu manyan baburan zamani da ke karantawa, in naku na da ABS, wato na'urar da ke hana birki ƙulle taya, kuma ana iya kashe na baya, ku kashe kafin irin wannan. Shi Ɗan_Tudu nasa ba shi da wannan damuwar. Amma kowa ya sani, yawan riƙe kuloci rabi da rabi yana cin farantin kuloci. Sau ɗaya a rana ba komai, amma ranar koyo ka riƙa barinsa ya huce.

CRF_Kaduna: Ni ban yarda da giya ta ɗaya ba. A CRF300L ɗina ta ɗaya tana da zafi, ka taɓa wuta kaɗan ya zabura, tayar baya ta yi ta juyawa a banza. Da ta biyu nake hawa, ya fi santsi.

Mahayin_Kufena: Naka injinsa ya kusa ninka nasa. 150 a giya ta biyu da gudun sassarfa, a mataki na uku zai shaƙe. Sai dai in yana da filin ɗaukar gudu, kuma mun ji abin da ke jiransa a sama.

CRF_Kaduna: To wannan kuma gaskiya ne, ban duba ƙarfin injin ba. Amma a doguwar matakala mai fili a sama, ina nan a kan ta biyu.

Ɗan_Tudu: Na dawo da rahoto. Kwana huɗu ina zuwa wani fili bayan unguwa, akwai tsohon ginin da aka watsar mai mataki uku. Ranar farko sau biyu ina faɗuwa, madubin dama ya tafi. Jiya na hau sau goma a jere bai mutu ba, kuma na gane maganar wutar nan, da na daina saki sai abin ya zama kamar ba shi ba. Na kuma je wurin mai gida. Siminti dai ya ce a'a, wai zai ɓata masa fasalin gida. Katako ya ce ba ruwansa. Hawa da inji kuma ya ce in matarsa ta ji ƙara a zaure, ni da ita. Don haka yanzu katakon Malam Kafinta nake amfani da shi da dare. Amma ban fasa ba, ranar da suka yi tafiya sai na gwada shidan nan.

Hajiyar_Gida: Ina jin ka fa.

Acaba_Tun_99: Ranar ka kira ni in zo in nuna maka da Boxer.

MaiFaci_Tashar_Kuka: Ka taho da kuɗin tib biyu.

Sabon_Shiga_Maraɗi: Salamu alaikum, yanzu na ga zancen. Ni tawa matsalar saukowa ce, ba hawa ba. Da safe in zan fito da shi, matakala 4 ce, ina taɓa birkin gaba sai in ji kamar bayan zai taso ya wuce ta kaina. A nan ma tsayuwa ake yi, ko zama ya fi?